Wankan Da Ya Kashe Ƙarfin-Hali

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har ya tumbatsa, ni Sammani, manomin rani a yankin Bunkure, a madadin kaina da iyalina da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarmu, akori-kurar nan shuɗiya da aka fi sani da Ƙarfin-Hali. Ta rasu ranar Litinin da hantsi, a bakin kanal, bayan gajeruwar jinya da ba ta kai minti biyu ba. Ta yi shekara goma sha tara a hannuna. Shekarun da ta yi kafin ta zo gare ni kuwa Allah kaɗai Ya sani, don wanda ya sayar mini da ita ya ce shida, takardunta suka ce ashirin. Ta tafi ta bar ni da tumatir eka biyu ya nuna jawur, ana saura kwana biyu a fara tsinka.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, kada a ji ta a bakin wani a majalisa an ƙara mata gishiri. Ba hatsari ta yi ba, kuma tsufa bai taɓa kayar da ita ba. Ni na kashe ta, da hannuna, da kyakkyawar niyya.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da juriya, ba ta da girman kai ko misƙala zarratin. An ƙera ta ne don ta ɗauki kwando goma sha biyu, amma na sha ɗora mata ashirin da biyu, ta ɗan durƙusa ta baya, ta yi nishi, ta kama hanya. Ta kai shinkafa injinan casa na Kura, ta ɗauki albasa da taki, ta ɗauki ragon suna da gadon amarya, ta kwashi mutanen unguwarmu zuwa ta'aziyya Madobi har ba a san adadi ba. Ranar da naƙudar Rukayya ta kama matata Saude, ita ta kai ta asibiti, kuma ranar ko tari ba ta yi ba. Shaidar da zan ba ta a gaban kowa ita ce ba ta taɓa mutuwa a hanya da mara lafiya a cikinta ba. Da lafiyayyu dai ta sha mutuwa, shi ya sa duk wanda ya hau ta ya san kuɗin motarsa turi ne.

Babban alherinta gare ni shi ne hanyar gonata. Gonar tana can ƙarshen layi, bayan kwalbatin da ya karye tun shekarar ambaliya, inda hanya ta koma laka da ramuka rani da damina, saboda ruwan da ke tsiyaya daga kanal. Direbobin haya sukan zo bakin kwalbatin su tsaya, su sauko su duba, su ce Allah Ya ba da sa'a, su juya. Ƙarfin-Hali kaɗai ta san inda ake takawa. Takan karkata hagu har ka ce ta kife, sai ta yi gurnani ta fita ta wancan gefen da kayanta cif. Don na dogara da ita ne ma bana na shuka irin tumatirin nan mai nuna lokaci guda. Na ce cikin mako ɗaya za mu kwashe shi tas ni da ita, sawu uku a rana zuwa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan.

Ba a tona aibin mamaci, amma akwai lalura ɗaya da dole in ambata, don ita ta share wa ajali hanya. Shekara goma sha ɗaya ke nan marigayiyar ba ta tashi da makulli. Sai an tura. Saboda haka makwancinta yana kan gangaren da ke gaban Islamiyyar Malam Ni'imatullahi, da dutse a gaban tayarta a maimakon birkin hannu. In an fito sallar asuba, mutum uku ko huɗu sukan tattare riguna su sa hannu, in janye dutsen in faɗa ciki, ta gangara tana cewa, "Kuh… kuh… kuh-kuh… gurrrr!" Wannan muryar ita ce agogon matan unguwarmu na ɗora koko. Daga nan kuma dokar gidanmu ɗaya ce: in ta tashi ba a kashe ta sai an dawo kan gangare, ko an je inda ake da jama'a.

Jikinta na waje ban taɓa sakaci da shi ba, duk Juma'a sai na wanke shi da soso da sabulu. Amma ƙarƙashin bonet, na yarda, wata duniya ce. Baƙin mai na shekara goma sha tara ya haɗu da lakar kanal da ƙaiƙayin shinkafa ya yi ɓawo, kaurinsa ya kai ɗan yatsa. Wayoyi an ɗaure su da robar tsohon tif, wasu da leda. Akwai gashin kaza a ciki, ban san yadda aka yi ba. Likitanta, Badamasi bakanike na Kura, wanda ya san cikinta fiye da aljihunsa, ya taɓa yi mini nasiha shekaru da suka wuce da ya ga na ɗauko tsumma.

"Malam Sammani, ajiye tsumman nan," in ji shi. "Rabin injin nan datti ne ke riƙe da shi. Ka bar tsohuwa da zanenta."

Na ji, na kuma kiyaye, har ranar Asabar ɗin da ta wuce. Na je Kwanar Gafan sayo kwanduna, na buɗe bonet zan ƙara mata ruwa a lagireto, sai ga Hambali, wani direba da ya sayi sabuwar farar akori-kura bara, tun daga nan kuma ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai. Ya leƙo, ya ja da baya, ya toshe hanci.

"Baba Sammani, don Allah wannan inji ne ko kaskon mai ƙosai?"

Duk rumfar aka kwashe da dariya. Bai tsaya nan ba, ya je ya buɗe tasa, ya ce kowa ya zo ya gani. Wallahi in ka zuba tuwo a kai ka ci. Sannan ya nuna mini wani hoton bidiyo a wayarsa, wani bawan Allah yana fesa wa inji kumfa da ruwa, kafin ka ce kwabo baƙin inji ya koma sabo fil. Na yi dariya tare da su don kada a ce na ji haushi, amma maganar ta bi ni har gida. Kunya na ji, ba don kaina ba. Na tuna duk wahalar da baiwar Allahn nan ta sha mini, ga shi an tsiraita ta a tsakiyar kasuwa ana yi mata dariya, ni kuma da nake mai ita ina tsaye ina taya su. Na ƙudurta a raina cewa kafin ta fara jigilar bana sai ta yi sheƙin da zai sa Hambali ya haɗiye maganarsa.

Litinin da safe Saude ta gan ni ina haɗa kananzir da omo da tsohon burushi da tsummoki.

"Baban Rukayya, jibi fa za a fara tsinka," ta ce. "Ka bari a gama kwashe tumatir, in ya so ka yi mata har da lalle."

Amsar da na ba ta ba zan maimaita ta a nan ba. Ta shafi abin da mata suka sani da abin da ba su sani ba game da inji, kuma tun ranar Saude ba ta tuna mini da ita ba, wanda hakan ya fi zagi ciwo.

Na kai ta bakin kanal, daidai inda injin ban ruwana yake ba albasa ruwa. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, babu gangare, kowa kuma yana can cikin gonarsa, babu mai turi. Don haka na bi doka, na bar ta a kunne. Kada a ce ban yi hattara ba. Na rufe batir da buhun taki, na kauce wa fanka, na sami kara na dinga kankare ɓawon a hankali, in shafa kananzir in jira ya jiƙa, in bi da burushi da ruwan omo. A cikin dattin na tsinci sifana mai lamba goma da na zargi Badamasi da ɗauke ta shekara bakwai da suka wuce, ina kuma neman afuwarsa a bainar jama'a. Can sai wani launi ya fara leƙowa. Ashe murfin injin ja ne! Shekara goma sha tara muna tare ban sani ba. Har da rubutu a jikinsa. Na tsaya ina kallo, daɗi ya cika ni, ita kuma tana ta "tir-tir-tir-tir" a hankali, irin na mage in ana shafa bayanta. Cikin wannan murnar na kwance wani murfi mai kama da faranti da ke saman maƙogwaron da take shaƙar iska, na ajiye shi a gefe don in goge shi shi kaɗai yadda ya kamata.

Saura ɗauraya. Na zo da bokiti, yana nan a bayan mota, shaida ne. Amma manomin rani in ya ga ruwa na ɓulɓula a mesa ba ya tuna bokiti. Ga mesa mai inci uku tana kwarara a kwamin albasa, taku biyar daga inda nake. Na ce me zai sa in yi ta jido kamar mai aikin gayya, ai abin da na gani a wayar Hambali ke nan, nawa ma ya fi ƙarfi. Na ɗago ta da hannu biyu, na danne bakinta da tafin hannu don ruwan ya ƙara ƙarfi, na saita.

Na ɗan lokaci kaɗan na ga abin da ban taɓa gani ba. Kumfa da baƙin ruwa suka zube, ja ya fito, ƙarfe ya yi fari, rana ta haska a kai, tururi na tashi. Sai mesar ta kufce ta karkata, ruwan ya faɗa kai tsaye cikin maƙogwaron nan da na bari a buɗe. Kalamanta na ƙarshe, waɗanda har yau nake ji in na rufe ido, su ne, "Gur-gur-gur… kuh… ƙwas!" Ta girgiza sau ɗaya ta yi shiru. Babu abin da ya rage sai ƙarar injin ban ruwa, yana ta aikinsa bai san abin da ya faru ba.

Na yi salati, na yi kururuwa, maƙwabtan gona suka fito. Mutum takwas suka tura. Da na saki kuloci tayoyin baya suka ƙi juyawa, sai jan ƙasa suke yi. Muka sake, muka kuma sakewa, har wani ya ce a bari haka nan, ana wahalar da gawa. Aka kira Badamasi ya zo a kan babur. Ya tsaya a gaban bonet ya daɗe yana kallo, don shi ma bai taɓa ganin ta haka ba. Ya kwance filogi, ruwa ya biyo. Ya zaro sandar auna mai, man ya fito fari kamar shayi mai madara. Ya leƙa ta ƙasa, ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa.

"Masha Allah, ta yi kyau," in ji shi. "Amma ta sha ruwa, sandar fistin ta lanƙwashe, ga bulok ya tsage, ka zuba wa ƙarfe mai zafi ruwan sanyi. Sai dai haƙuri, Malam Sammani. Na ce maka ka bar ta."

Ya buga waya Ƙofar Ruwa da duk inda ya san ana sayar da tsofaffin injuna. Amsa ɗaya ce: irin nata ya yi wuya, sai an cigita, a saurara nan da mako uku ko wata. Tumatir kuma ba ya jin a saurara. Garin neman gira na rasa ido, kuma babu wanda zan kama.

Marigayiyar ta rasu ta bar ni, da Saude, da Rukayya wadda tun tana goye take barci da ƙugin injinta. Ta bar Badamasi, wanda ya ce ji yake kamar an rufe masa rabin gareji. Ta bar jama'ar sahun farko na masallacinmu, waɗanda jiya suka fito asuba suka nufi gangare suna tattare riguna, sai da suka isa suka tuna. Ta bar dutsenta a inda na janye shi, na hana kowa taɓawa. Ta bar jarkar ruwa, da igiyar da ke riƙe ƙofar hagu, da taya ɗaya ta safaya da ba ta taɓa shan iska ba. Ta kuma bar ɗan uwanta injin ban ruwa, wanda ta sha ɗaukowa a bayanta. Na so in yi fushi da shi, na kasa, don shi aikensa aka yi.

Muna roƙon duk wanda ta taɓa fantsama wa laka a kan farar riga, ko ta turnuƙe da hayaƙi, ko ta tashe shi daga barcin safe, ko ta sa ya ɓalle maɓalli wurin turi, ya dubi Allah ya yafe mata. Ba ta yi da gangan ba.

Muna godiya ga waɗanda suka yi ƙoƙari a kan marayunta na gona. Yau kwana uku. Na bi tasha-tasha daga Bunkure zuwa Kura har Garun Malam, kowace mota tana da mai ita, don tumatirin kowa ya nuna a mako ɗaya. Mai keke-napep ɗaya ya tausaya ya gwada, ya kafe a kwalbati, sai da muka bar tsinka muka ciro shi. Masu babur suna ɗaukar kwando bibbiyu, kafin su fita ramukan nan rabinsa ya zama miya. Mun gwada fito da shi a ka zuwa bakin titi, ni da Saude da Rukayya da masu tsinka, muka yi kwando goma sha ɗaya wuyanmu ya ƙage, gonar kuma ko alamar an taɓa ta babu. Saude da maƙwabtanta suna ta yanka ana shanya kauɗa, yatsunsu sun yi fari sun tsattsage, wurin shanya ma ya ƙare. Har Hambali ya zo ta'aziyya. Ya leƙa bonet ya ce wallahi ya fi nasa sheƙi. Na haɗiye girman kaina na roƙe shi sawu biyu kacal. Ya taka har bakin kwalbati ya duba, ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce motarsa ba ta saba ba. Ban ga laifinsa ba. Da yamma nakan tsaya a bakin gona in ji warin da ya fara tashi daga kunyoyin farko, ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Dangane da jana'iza, na tuntuɓi Malam Ni'imatullahi. Ya ce yin haƙuri da mayar da al'amari ga Allah ya dace a kan kowace irin asara, babba ko ƙarama, amma ba a yi wa ƙarfe salla, in kuma daina kiran ta marigayiya a gaban ɗalibansa. Batun wanka bai taso ba, an riga an yi.

Saboda haka, gobe Juma'a tun daga safe bonet zai kasance a buɗe a bakin kanal ga duk mai son ya yi mata kallon ƙarshe. Ana roƙon jama'a kada a taɓa da hannu mai maiƙo. Bayan an sauko daga masallaci, tarakta za ta ja ta a hankali zuwa garejin Badamasi a Kura, a bi ta gaban Islamiyya don ta wuce gangarenta. Masu son raka ta su taho da ƙafa, ba za a yi sauri ba, kuma wannan karon ba a buƙatar kowa ya tura.

Zaman makoki Asabar da Lahadi ne, a gona, ba a gida ba. Mata su taho da wuƙa, maza su taho da takalmin shiga laka. Ba za a raba gumba ko waina ba. Sadakar tana nan a jikin itacenta, eka biyu, kowa ya zo da bokiti ko buhu ko kwarya ya tsinka iya abin da kansa zai ɗauka, ya kai gida a yi miya, ya aika wa surukai. Kada wanda ya tambaye ni nawa ne, kada kuma wanda ya yi mini godiya, ba zan iya amsawa ba.

Abin da ya rage bayan la'asar ɗin Lahadi, na riga na aika wa Mukhtari makiyayi. Shekara shida muna rigima da shi a kan shanunsa da ke leƙa mini gona, har gaban mai unguwa mun je sau biyu. Na ce a gaya masa Litinin da safe zai tarar na cire shingen da kaina, ya koro su su shiga.

Sanarwa daga Sammani, mai ita.